Inda masu kula da Linux ke tuntuɓe a manyan kwamfutocin bankuna

A watan Disamba na shekarar 1999 ne kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fitar da gyare-gyaren da suka bai wa manhajar Linux damar aiki a kan manyan kwamfutocinsa samfurin S/390, irin waɗanda bankuna da kamfanonin inshora ke riƙe asusun jama'a da su. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro manhajar a ƙasar Finland a 1991, kuma kowa na da izinin duba ta da gyara ta.

Ribar a fili take. Ta hanyar tsarin z/VM, na'ura guda kan ɗauki ɗaruruwan Linux, kowace tana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta, abin da ke rage kuɗin wuta da na lasisi.

Sai dai ma'aikacin da ya saba da ƙananan kwamfutoci yakan yi kuskure a nan. A can, idan aiki ya yi nawa, ƙara ƙwaƙwalwar na'ura shi ne magani. A nan kuwa sau da yawa shi ne cutar, domin Linux ba ta barin gurbi fanko: duk abin da aka ba ta sai ta cika shi da kwafin fayiloli. Idan kowace ta yi haka, dole z/VM ya riƙa kwashe bayanai zuwa faifai, aikin kowa ya tsaya cik, har da biyan albashin ƙarshen wata. Shi ya sa gwanaye kan ƙayyade rabon kowace daidai buƙatarta.

Haka kuma, kafin a zargi wata Linux da nawa, a fara duba tsawon lokacin da ta yi tana jiran injin sarrafawa saboda maƙwabtanta sun riƙe shi.