Ja da Yalo a Tankin Tarwada

A wata gonar kifi da ke bayan birnin Kano, aikin farko da asuba shi ne tsame matattu, tun kafin a watsa abinci. Yaron gona yana bin tankunan siminti da koma a hannu, yana duba tarwadar da ta juya ciki sama da wadda ta tsaya cak a saman ruwa kamar an rataye ta. Tarwadar da ta kamu da cuta ba ta ɓoyuwa: jan gyambo a jiki, gashin baki ya yi fari ya gutsure, ciki ya kumbura.

Galibi aikin wata ƙwayar bakteriya ne mai suna Aeromonas. Kullum tana cikin ruwan, ba ta yin ɓarna sai an cunkusa kifi, ragowar abinci ya ruɓe a ƙasa, ko tsadar mai ta hana tayar da injin burtsatse, aka kwana biyu ba a canja ruwa ba.

Da mutuwa ta fara yawa, maigidan ba ya neman likitan dabbobi. Kemis yake aika yaro. A sayo kafso ja da yalo, wato tetracycline, ko garin maganin kaji, a zazzage a bokiti, a kwarara a tanki. Awo da ido ne. Mutuwa na lafawa sai a daina, don magani ma kuɗi ne. To, nan gizo ke saƙar: raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kan sun saura, sun hayayyafa, har suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan juriya. Zagaye na gaba sai a ninka awo, a ce maganin yanzu jabu ne. Wani lokacin jabun ne kuwa, amma ba kullum ba.

Ruwan tankin da aka zubar, da ragowar magani da ƙwayoyin masu taurin kai a cikinsa, yana bin kwata zuwa lambun alayyafo da latas na maƙwabta.

Matsalar ba ta tsaya kan kifi ba. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma abin ya fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Ƙa'ida ita ce a jira maganin ya fita daga jikin kifi kafin a sayar. Amma in tanki ya fara mutuwa, ranar ake kiran dillalai da masu banda su zo da sikeli, a karya farashi su kwashe.