Me ya sa wata tsarkiya ke shekara da shekaru, wata kuma ba ta kai damina?

Da zarar an kammala girbi a ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa da Kunchi, sai bukukuwa su kankama, makaɗan goge da garaya su shiga kakarsu. A irin wannan lokaci babu abin da makaɗi yake tsoro kamar tsinkewar tsarkiya a tsakiyar fage, domin da ita yake neman abincinsa. Wannan fargaba ba ta bar mai kaɗa jitar bes a cikin birni ba, wato babbar jitar nan mai tsarkiya huɗu da kaurin murya, wadda ake ji a coci-coci da ɗakunan ɗaukar waƙa.

Tsarkiya tana mutuwa ta hanya biyu: ko dai ta tsinke, ko muryarta ta dushe tana nan a ɗaure. Abin da yake jawo duka biyun kusan ɗaya ne a ƙauye da birni: gumi, ƙura da sauyin yanayi.

Tsagiya da yanayin ƙasar Kano

Tsarkiyar goge da ta kukuma tsagiya ce, wato gashin jelar doki da ake haɗa silinsa da yawa wuri guda. Gashi kuwa yana shan danshi. Da damina yakan miƙe ya saki, fatar da aka rufe ƙwaryar da ita ma ta yi laushi, shi ya sa makaɗi kan shanya gogensa a rana ko ya kara shi kusa da wuta kafin wasa. Da hunturu kuma gashin yakan bushe ya ɗaure, sai silin ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har tsarkiyar ta sirance. Maiƙon hannu yana hana ƙaro kama gashin, ƙwari kuma suna cin sa idan an daɗe da ajiye shi a duhu.

Wannan wahala ce ta sa masu garaya da gurmi da dama suka bar jijiya da fata suka koma zaren roba irin na kamun kifi. Ba ya jin danshi, yana da araha, ana kuma samunsa a kasuwar ƙauye, ko da yake muryarsa ta bambanta da ta da.

Mai sulɓi da mai kaushi

Tsarkiyar bes ƙarfe ce: siririyar waya a tsakiya, an naɗe ta da wani ƙarfen don ta yi nauyi. A naɗin nan bambancin yake. Idan an yi shi da waya mai zagaye, tsarkiyar takan fito da kaushi, da ƙananan ramuka tsakanin naɗi da naɗi. Idan kuwa an yi shi da shimfiɗaɗɗen ƙarfe aka goge, takan fito da sulɓi.

Ramukan nan su ne matattarar gumi, dattin hannu da ƙura. Da sun cika, sai tsarkiyar ta kasa kaɗawa yadda ya kamata, zaƙin muryarta ya tafi, tsatsa ta biyo baya. Saboda haka mai kaushi takan dushe cikin 'yan watanni a hannun mai yawan wasa, balle a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Mai sulɓi kuwa ba ta da wurin ɓoye datti sosai, kuma tun farko muryarta mai taushi ce, don haka ba ta da wani zaƙi mai yawa da za ta rasa. Takan yi shekaru tana aiki, ba ta kuma cinye ƙarafan wuyan jita kamar 'yar uwarta.

Da irin mai sulɓin aka fara. Ita ce a kan bes ɗin da kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1951. James Jamerson, makaɗin kamfanin waƙoƙi na Motown da ya rasu a 1983, ya shahara da ƙin sauya tsarkiyarsa sai ta tsinke. A shekarun 1960 ne kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa mai kaushi, masu son murya mai ƙara suka karɓe ta.

Lissafin aljihu

Daga waje ake shigo da tsarkiyar bes, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara mata tsada. Mai sulɓi ta fi kuɗi a ranar saye, ta kuma fi tauri a yatsa, amma wanda ya raba kuɗinta da shekarun da za ta yi zai ga ita ce mai sauƙi. Ba a banza aka ce araha ba ta ado ba.

Kula da su kuwa hanya ɗaya ce, ko tsagiya ko ƙarfe: a wanke hannu kafin wasa, a share gumi da busasshen ƙyalle bayan an gama, a sa kayan cikin jaka nesa da raɓa da ƙura. Idan mai sulɓi ta fara ƙin tsayawa a kan muryar da aka ɗaure ta, ko naɗinta ya fara warwarewa, lokacin sauya ta ya yi, komai kyawun idonta.