Yadda Ake Gane Jiragen Alhazai Tun Suna Sama

Birnin Makka ba shi da filin jirgin sama. Alhazan da suka taso daga Kano ko Sakkwato a Madina suke sauka, ko kuwa a Jidda, a filin Sarki Abdul'aziz wanda aka buɗe a 1981, sa'an nan su ƙarasa Makka ta ƙasa. In lokacin aikin Hajji ya gabato, jirage sukan yi ta kwararowa dare da rana daga kowace kusurwa. To, ta yaya ma'aikacin da ke zaune cikin ɗaki yake sanin inda kowanne yake?

Asirin abin awon lokaci ne. Wanda ya taɓa yin kira a gindin dutse ya san amsa-kuwwa takan jinkirta gwargwadon nisan dutsen. Haka na'urar da ake kira rada take aiki, wadda Robert Watson-Watt ya gwada a Ingila a 1935. Takan harba saƙon rediyo, ya bugi jirgi ya komo. Saƙon yana tafiyar mil 186,000 a daƙiƙa guda. Saboda haka in ya komo bayan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, jirgin yana nisan mil 93 ke nan. Inda na'urar ta fuskanta kuwa, nan ne wajen da yake.

Amma amsa-kuwwa ba ta faɗin suna. Don haka aka sa wa kowane jirgi wata na'ura mai amsa tambaya, dabarar da ta samo asali a Yaƙin Duniya na Biyu, don a rarrabe jirgin gida da na abokan gaba. Abin sha'awa, ita ma tambayar da lokaci ake yin ta. Tashar ƙasa takan aika ƙyafce biyu. In tsakaninsu kashi 8 ne cikin miliyan na daƙiƙa, ma'anarsa "wane ne kai?", sai jirgi ya ba da lambarsa, ɗaya daga cikin 4,096. In kashi 21 ne, tsayinsa daga ƙasa ake tambaya.

Wahalar tana ga cunkoso. Jirage biyu da ke jiha ɗaya, nisansu daga tasha bai bambanta da mil biyu ba, sukan amsa kusan tare, amsoshin su cuɗe kamar mutum biyu suna magana a kunne ɗaya. A sararin da ya cika kamar na Jidda, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Maganin da aka samo shi ne ba kowane jirgi lambarsa ta dindindin, daga cikin fiye da miliyan 16. Tasha sai ta kira jirgi guda da lambarsa, shi kaɗai ya amsa, sauran su yi shiru har a zo kansu.