Yadda Giya Ta Rushe Gidan Mai Wanki a Birnin Faris

A cikin shekarar 1877 wani marubucin Faransa, Emile Zola, ya fitar da littafi mai suna L'Assommoir, watau kulkin da a ke kwaɗa wa dabba a ka ta faɗi. Da wannan suna talakawan Faris su ke kiran gidan giya. A 1956 René Clément ya mai da littafin sinima da Faransanci, ya sa masa sunan matar da labarin ya ke kanta, Gervaise. Maria Schell ce ta fito a matsayinta, har aka ba ta lambar girma a birnin Benis a wannan shekara.

Gervaise mai wanki ce, tana ɗingishi. Uban 'ya'yanta, Lantier, ya gudu ya bar ta da yara maza biyu. Sa'an nan ta auri Coupeau, mai rufin kwano, mutum mai ƙwazo, suka haifi 'ya mace, Nana. Suna cikin tara kuɗi don ta buɗe shago, sai ya faɗo daga kan rufi ya karye. Abin da suka tara duka ya tafi ga jiyya. Wani maƙeri mai suna Goujet ya ranta mata kuɗi, faran 500 in ji littafin, ta buɗe shagon, har ta ɗauki ma'aikata.

To, nan ne mu ke so masu karatu su lura. Coupeau ba mashayi ba ne tun farko. Littafin ma ya nuna yana ƙyamar barasa, domin ubansa a buge ya faɗo daga rufi ya mutu. Zaman banza na watannin jiyya shi ya ja shi. Ya warke, amma ya riga ya saba da ci ba aiki. Yau kofi ɗaya da abokai, gobe biyu, jibi ya sa hannu a kuɗin shago. Kunya ta fita daga idonsa, har ya kawo Lantier ɗin nan ya ba shi ɗaki a gidan, maza biyu suna cin gumin mace ɗaya. Ba rana ɗaya aka yi ɓarnar ba, kuma gwanintar Clément ita ce bai yi gaggawa ba. Ya bar mai kallo ya ga shagon yana tsiyacewa kaɗan kaɗan, har ranar da giya ta haukata Coupeau ya farfasa kome.

Malami a Yalwan Damai ko akawu a Birnin Kudu zai iya cewa, ina ruwanmu, ai Jigawa ta kafa Shari'a tun 2000. Amma da cutar ba ta taɓa zuwa ƙasarmu ba, da Malam Mu'azu Haɗeja, wanda shi ma malamin makaranta ne, bai yi Waƙar Giya ba. Yau kuwa ta sake kama, ta shiga ƙwaya da kwalbar maganin tari, har a 2018 Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin. Ƙofar dai ita ce ta Coupeau: saurayi ya gama girbi ba aikin rani, ko ma'aikaci ya karɓi albashi ya sami abokan zama.

A littafin, Gervaise ta mutu da yunwa a wani lungu ƙarƙashin matakala, sai da wari ya tashi aka gane. Clément bai kai nan ba, kuma a ganinmu ya yi daidai. Ya tsaya inda ta ke zaune a gidan giya, ita ma ta fara sha, ba ta ko gane 'yarta sosai. Nana kuwa, ƙaramar yarinya cikin tsumma, ta ɗaura wani ƙyalle na ado, ta fita titi wurin yara maza, ba wanda ya kira ta ta komo.