Kutse Ko Lalacewa? Gaskiyar Abin da Ke Ɗauke Mana Wuta da Intanet

Da zarar wuta ta ɗauke a faɗin ƙasa, ko intanet ta tsaya cak, sai saƙonni su cika WhatsApp cewa masu kutse ne suka shigo mana. Bari mu sheƙe maganganun nan, tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe.

"Mai kutse na iya kashe wutar gari daga nesa." Gaskiya ne. Ranar 23 ga Disamba, 2015, a ƙasar Yukren, ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta suna ji suna gani wasu suka karɓe ikon kwamfutocinsu, suna kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Mutum kusan 230,000 suka shiga duhu cikin tsananin hunturu. Ƙofar da aka bi ita ce saƙon imel na bogi da ma'aikata suka buɗe watanni kafin ranar. Abin da ya taƙaita wahalar zuwa 'yan sa'o'i shi ne injiniyoyi sun tafi tashoshin da kansu, suka kunna wutar da hannu.

"Duhun da Arewa ta sha a Oktoban 2024 kutse ne." Ƙarya ne. Kamfanin TCN, mai kula da manyan layukan wutar Najeriya, ya bayyana cewa ɓata-gari sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Haka ma tsayuwar intanet ta 14 ga Maris, 2024: wayoyin ƙarƙashin teku ne suka tsinke daura da gaɓar Kodebuwa. Idan muka ɗora wa mai kutse laifin turken da aka kayar, mun bar jaki muna dukan taiki.

"Na'urar da ba a haɗa da intanet ba ta tsira." Wannan ma ƙarya ne. Tashar nukiliyar Natanz ta Iran a killace take, amma muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta isa can ta lalata injuna. An ƙera ta ne ta yadda za ta bi filas daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

"Sai gagarumar fasaha ake iya irin wannan ɓarna." Ba kullum ba. A Mayun 2021, kalmar sirri guda da ta faɗa hannun ɓarayi ta sa kamfanin Colonial Pipeline na Amurka rufe bututun mansa na kwanaki. Layuka suka cika gidajen mai, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Najeriya na da dokar laifukan intanet ta 2015, da cibiyar ngCERT mai kai ɗaukin gaggawa. Amma doka ba ta hana ɗan'adam danna saƙon da bai san asalinsa ba. Ma'aikacin banki, asibiti ko tashar ruwa, kai ne mai gadin ƙofar: kada ka ba kowa kalmar sirrinka, kada ka soka filas ɗin da ba ka san tarihinsa ba. Mu kuma, kafin mu tura labari gaba, mu tambaya: wa ya tabbatar?