Hukumar da aka rubuta mata ranar mutuwa

A ƙarshen watan Mayun 2019 majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka ta tashi daga zamanta ba tare da ta sabunta wa'adin hukumar da ke ba masu aikin famfo lasisi ba. Ba a zartar da wata dokar rushe ta ba, 'yan majalisar sun dai kasa daidaitawa ne har lokaci ya ƙure. Amma a dokar Texas hakan ya isa, domin hukumar da ba a sabunta ba ta kama hanyar rufewa ke nan. Masu sana'ar suka yi gangami a harabar majalisa a birnin Austin, suna tambayar wa zai tantance mai haɗa bututun ruwa da na gas a gidajen mutane. Sai da Gwamna Greg Abbott ya fitar da umarni a watan Yuni ya tsawaita ran hukumar zuwa 2021, yana kafa hujja da aikin sake gina wuraren da guguwar Harvey ta rusa a 2017.

Wannan tsari shi ake kira dokar faɗuwar rana. Jihar Colorado ce ta fara kafa irinta a 1976, Texas ta bi sahu a 1977, a lokacin da abin kunyar Watergate ya zubar da mutuncin gwamnati a idon Amurkawa. Jihohi da dama sun kwaikwaya, wasu kuma daga baya suka soke saboda tsada da wahalar aikin. Texas ta riƙe tata da gaske.

A yadda aka saba ko'ina, idan aka kafa hukuma ta zauna ke nan, mai son a rushe ta shi zai sha wahalar neman ƙuri'u. Dokar ta juya wannan lissafi. Kowace hukuma da ke ƙarƙashinta, kimanin 130, tana da ranar ƙarewa a rubuce, galibi bayan shekara 12, kuma idan majalisa ba ta zartar da sabuwar doka ba, ana ba ta shekara ɗaya ta tattara komatsanta. Kafin ranar, hukumar za ta rubuta rahoto a kan kanta. Ma'aikatan kwamitin bita su shiga ofisoshinta, su duba takardu da kuɗi, su ji ta bakin masu hulɗa da ita, su fitar da nasu rahoton. Daga nan a yi zaman jin ra'ayin jama'a, inda ɗan kasuwa ko majinyacin da ya kai ƙara aka yi watsi da shi zai iya tsayawa ya faɗi abin da ya gani. Kwamitin na da mutum 12: sanatoci 5, 'yan majalisar wakilai 5, da mutum 2 daga cikin jama'a. Abin da suka amince da shi ne ake miƙa wa majalisa.

A ganina wannan juyin shi ne alherin dokar. Wanda ya bi labarin rahoton Oronsaye na 2012, wanda ya ba da shawarar rage hukumomin tarayyar Nijeriya, ya san yadda shawara ke kwana shekara da shekaru a cikin durowa idan babu ranar da ta tilasta wa kowa yanke hukunci.

Sai dai takobin dokar bai cika cin manya ba. Hukumomi marasa ƙarfi ne ake rushewa ko a haɗe su da wasu. Dubi Hukumar Jiragen Ƙasa ta Texas, wadda aka kafa a 1891. Tun 2005 ba ta da sauran hurumi a kan jirgin ƙasa, aikinta sa ido a kan haƙar man fetur da gas ne. Ma'aikatan bita sun sha ba da shawarar a sauya mata suna, don manomin da rijiyar mai ta gurɓata masa ruwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. An duba ta a 2011 da 2013 ba a cimma matsaya ba, sannan a 2017 aka ƙara mata shekara 12 da tsohon sunanta. Masana'antar da take kula da ita tana da dogon hannu a siyasar jihar, kuma ko gyaran suna bai samu wucewa ba. Wannan abin takaici ne ga dokar da aka kafa don talaka ya ga cikin gwamnati.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Majalisar Texas sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140. Dokar da dole sai ta wuce kafin a tashi takan zama abin garkuwa a hannun mai neman biyan wata buƙata. A 2017 wa'adin hukumar da ke ba likitoci lasisi ya maƙale a rikicin da ke tsakanin mataimakin gwamna Dan Patrick, wanda ke shugabantar majalisar dattawa, da kakakin majalisar wakilai Joe Straus, a kan wasu ƙudurori da ba su da alaƙa da aikin likita. Dole gwamna ya kira zama na musamman a watan Yuli, da kuɗin jama'a, don kada jihar ta wayi gari babu mai ba sabon likita izinin aiki.

Hukumar masu famfo ma ba ta fita a wanke ba. Rahoton bita ya same ta da jinkiri wajen shirya jarrabawa da ba da lasisi a lokacin da jihar ke ƙarancin ma'aikata, ya kuma ba da shawarar a mayar da aikinta ƙarƙashin babbar ma'aikatar ba da lasisi ta jihar. Masu sana'ar suka ƙi, suka ce sai wanda ya san aikin zai tantance ɗan'uwansa. A 2021 majalisa ta bar musu hukumarsu tare da wasu gyare-gyare, ta sa mata sabon wa'adi zuwa 2027.