Tuƙi a Tsaye: Ina Ruwan da Ya Dace a Fadamar Haɗeja?

A gaɓar teku, daga Amurka zuwa Afirka ta Kudu, ana yayin wani wasa inda mutum ke tsayawa a kan faffaɗan allo mai tsawon kusan mita 3, yana tuƙa shi da dogon filafili. Daga tsibiran Hawai ya fito, ya kuma bazu a duniya bayan shekarar 2000. Masuncin Kaugama ko Auyo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun kaka da kakanni a tsaye ake tura kwalekwale da doguwar sanda a fadamar Haɗeja, a kai kifi da shinkafa da fasinja gaɓa.

Jigawa ba ta da teku, amma tana da ruwan da irin wannan tuƙi yake so: shimfiɗaɗɗe, marar zurfi, marar igiya. Wahalar ita ce gano inda yake, domin ruwan fadama ba ya zama wuri ɗaya.

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa. Yana ratsa Wudil da Ringim, sannan ya rarrabu a ƙasar Haɗeja zuwa rassa irin su Kafin Hausa da Burum Gana da Marma, wadda ke kai ruwa Tafkin Nguru. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ba damina kaɗai ke yanke hukunci kan cikarsa ba. In an saki ruwa daga dam, mashigin da yaro ya tsallaka da ƙafa a makon jiya sai ya shanye babba.

Saboda haka Agusta da Satumba ba lokacin koyo ba ne. Ruwa na gudu, ya rufe kututture da ramuka da shingen gona, kuma a irin waɗannan watanni ne aka fi jin labarin kifewar kwalekwale. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuwa, ambaliya ta janye ta bar tafkuna a kwance. Sai dai hunturu na da nasa sharaɗi: mai tsaye a kan allo marar nauyi iska na iya kwashe shi zuwa tsakiya, don haka a fita lokacin da iska ta lafa, a kuma fara tuƙi ana fuskantarta domin dawowa ta yi sauƙi.

Babban abin da ya ɓata wurare da dama shi ne kacalla. Wannan ciyawa, da ke fin mutum tsawo, ta samu gindin zama ne bayan da ruwa ya daina ƙafewa da rani, har ta toshe mashigai a yankin Marma da Guri da Kiri Kasamma. Abin takaici ne ganin hanyar da jirage suka saba bi ta koma duhun ciyawa da sheƙar jan baki. Wanda bai san wuri ba, in ya kutsa ciki, ko gabas ba zai gane ba.

Inda ruwa ya buɗe kuwa akwai abin kallo. Dajin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, da Tafkin Nguru da Dagona a Yobe, suna karɓar tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai, su gauraya da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Jirgin da ba shi da inji ba ya firgita su, kuma mai tsaye yana hango abin da na zaune ba ya gani. Baturiya da Dagona wuraren kariya ne, sai da izinin ma'aikatan daji.

Taswirar waya ba ta nuna inda aka kafa raga, ko inda ƙasa take da laka mai riƙe sanda. Sarkin ruwa da masu fito ne suka san wannan, kuma gaishe su kafin a taɓa ruwa wajibi ne, tunda wurin neman abincinsu ne. Rigar kariya dole ce ko ga gwanin iyo. Haka kuma ruwan kwance mai ciyawa yana ɗauke da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, don haka duk wanda ya ga jini a fitsari bayan ya shiga tafki ya hanzarta zuwa asibiti.